Sana'ar Busa a Kiɗan Jaz: Darasi Daga Rayuwar Yusuf Latif

Da wuya a sami aji ɗaya a makarantar nan tamu wanda babu mai sha'awar kiɗa ko waƙa a cikinsa. Wani da tebur yake kiɗa kafin malami ya shigo, wani kuwa bakinsa ba ya rabo da fito. Idan aka tambayi irin waɗannan abin da suke so su zama nan gaba, sai ka ji sun ce makaɗa ko mawaƙa. Iyaye kuma da zarar sun ji haka sai gabansu ya faɗi, domin a wurinmu an saba ɗaukar kiɗa sana'ar gado ce, ta roƙo, wadda ɗan makaranta ba shi da abin nema a cikinta. Ɗa yana hango suna da kuɗi, uba yana hango lalacewa, amma ba safai sukan zauna tare su dubi yadda sana'ar take ba.

Saboda haka na ga ya kamata in ɗauki reshe guda na wannan sana'a in yi bayaninsa, watau sana'ar mai busa sakasofon a kiɗan jaz na ƙasar Amurka. Zan bi rayuwar mutum ɗaya, Yusef Lateef, wanda a bakinmu za mu ce Yusuf Latif. Na zaɓe shi ne don dalili biyu. Na farko, ya haɗa abubuwa uku: shi mabushi ne, shi mai tsara kiɗa ne, kuma shi malami ne. Na biyu, ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, gama ya yi shekara huɗu yana aiki a Zariya. Abin da na fahimta daga tarihinsa shi ne, wannan sana'a kamar tukunya take a kan murhu: duwatsu uku ke riƙe da ita, in an janye ɗaya sai ta tuntsure.

Sakasofon da Jaz

Sakasofon abin busa ne na tagulla, mai lanƙwasa, da faffaɗan baki a ƙasa. Duk wanda ya taɓa kallon badujalar soja ko ta 'yan sanda ya gan shi rataye a wuyan wani. Wani mutumin Beljiyam mai suna Adolphe Sax ne ya ƙirƙiro shi, ya kuma yi masa rajista a birnin Faris a 1846, shi ya sa yake ɗauke da sunansa. A wurin da ake sa baki akwai wani ɗan siririn harshe da ake fiƙewa daga kara mai kama da gora. Idan aka hura iska, harshen nan ke karkarwa ya ba da sauti, yatsu kuma su riƙa danna maɓallai suna buɗe ramuka suna rufewa, sautin ya hau ko ya sauka. Algaita ma da irin wannan harshe take aiki, sai dai nata ninki biyu ne, na sakasofon kuwa guda ɗaya. Iri huɗu aka fi amfani da su, daga mai siririyar murya zuwa mai kauri: sofarano, alto, teno da baritan.

Shi kuwa jaz, kiɗa ne na baƙaƙen fatar Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Ya tsiro ne a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20, daga waƙoƙin aikin gona, da na coci, da na kukan zuci, da kuma kiɗan badujala. Babban abin da ya bambanta shi da sauran kiɗan Turai shi ne ƙirƙira nan take. Makaɗa sukan fara da wani kari sananne, sau da yawa mai gaɓa 12 ko 32. Bayan an busa shi sau ɗaya, sai kowane mabushi ya karɓa bi da bi, ya riƙa ƙaga sabon kari daga kansa a bisa wannan tubali, ba tare da ya kauce wa amon da sauran makaɗa ke riƙe da shi ba. A ƙarshe sai a koma wa karin farko a rufe. Wanda ya san yadda Alhaji Mamman Shata yake ƙaga waƙa a tsaye, 'yan amshi suna riƙe masa gindinta, ba zai sha wuyar gane wannan tsari ba.

To, a nan ne mutane da yawa suke yin kuskure. Suna zaton tun da nan take ake ƙirƙira, ai baiwa kaɗai ta isa. Alhali kuwa mutum ba ya iya zance mai ma'ana da harshen da bai ƙware a cikinsa ba.

Dutse na Farko: Busa

An haifi Yusuf a ranar 9 ga Oktoba, 1920, a garin Chattanooga na jihar Tennessee, aka raɗa masa suna William Huddleston. A 1925 iyayensa suka zauna a Detroit, birnin masana'antun motoci, inda uban ya sauya sunan gidansu zuwa Evans. A makarantar sakandare ya fara busa sakasofon, kuma yana ɗan shekara 18 ya soma samun abin sawa a baki da shi. Ya tashi cikin samari waɗanda daga baya suka yi suna a duniya, irin su Milt Jackson da Kenny Burrell da Elvin Jones, kowa yana koyo daga ɗan'uwansa.

Mene ne mai koyon busa yake yi kullum? Da farko yakan riƙe sauti guda ya ja shi iyakar numfashinsa, ya sake, ya kuma sake, har muryar ta daidaita, leɓɓansa su yi ƙwari. Sa'an nan ya bi matakalar sauti hawa da sauka. A kiɗan Turai kowane kari yana da mazauni 12 da za a iya ɗora shi a kai, kuma dole mabushi ya iya shi a dukansu, don bai san wanda za a kira masa a gaban jama'a ba. Bayan wannan sai ya zauna da faifan magabata, ya saurara, ya kwaikwaya gaɓa gaɓa har ya haddace. Daɗin daɗawa sai ya koyi karanta rubutun kiɗa, domin babbar ƙungiya ba ta ɗaukar wanda za a ajiye wa takarda a gaba ya tsaya yana zare ido.

Wannan aiki ba na wata ɗaya ba ne, ba kuma na shekara ɗaya ba. Charlie Parker, wanda ake ganin babu kamarsa a busa alto, tun yana saurayi ya taɓa shiga cikin manya ya rikice, aka yi masa dariya. Shi da bakinsa ya ce bayan haka ya yi shekaru yana gwaji awa 11 zuwa 15 a kowace rana. Sonny Rollins kuwa, bayan ya riga ya yi suna, sai ya janye daga idon jama'a daga 1959 zuwa 1961, ya riƙa hawa wata doguwar gada a birnin Niyok yana gwaji shi kaɗai, don yana ganin busarsa ba ta kai inda yake so ba. Lalle kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Bayan koyo sai barance. Ba a fara wannan sana'a da shugabanci, kamar yadda ɗan amshi yakan daɗe a bayan ubangidansa kafin ya kafa tasa ƙungiya. Yusuf ya bi ƙungiyoyi dabam dabam suna yawo gari gari, yau nan gobe can, ana kwana a mota. A 1946 ya shiga ƙungiyar Lucky Millinder, ya kuma yi aiki da Roy Eldridge. A 1949 Dizzy Gillespie, ɗaya daga cikin jagororin sabon salon jaz na wancan zamani, ya ɗauke shi cikin babbar ƙungiyarsa. A irin wannan zama ne mabushi yake koyon abin da ba a rubuta a littafi ba: zuwa aiki a kan lokaci, sauraren na kusa da shi, da sanin lokacin da ya kamata ya yi shiru. Wanda ya riƙe amana, ubangidansa ne zai faɗa wa wani, haka aiki yake haifar aiki.

Sai dai hanyar ba miƙaƙƙiya ba ce. A 1950 rashin lafiyar matarsa ya sa Yusuf ya bar wannan babban matsayi ya koma Detroit. Ya kama aikin leburanci a masana'antar ƙera motoci don ya ciyar da iyali, da dare kuma ya yi busa. Wani da ya ce ƙarshen tafiya ke nan. Shi kuwa a wannan lokaci ne ya shiga Jami'ar Wayne ya fara karatun tsara kiɗa da busa sarewar Turai. Sai a 1957, yana da shekara 36, faifansa na farko a matsayin shugaban ƙungiya ya fito daga kamfanin Savoy. Ku duba fa, kusan shekara 20 ke nan da fara sana'arsa.

Dutse na Biyu: Tsara Kiɗa

Masu busa teno a Amurka ba su ƙirguwa, kuma a cikinsu akwai gwanaye irin su Coleman Hawkins da Lester Young da John Coltrane. Wanda ya tsaya a kwaikwayonsu kawai, iyakarsa a ce ya yi kama da wane. Kafin mutum ya tsaya da ƙafarsa sai ya zo da abin da za a ji a ce wannan nasa ne. Hanyar da Yusuf ya bi ita ce neman sautukan da 'yan jaz ba su saba da su ba. Ya koyi busa obo, wadda 'yar'uwar algaita ce, a hannun wani gwani na babbar ƙungiyar makaɗan Detroit. Ya nemo abubuwan busa na Masar da Indiya da Sin, ya kuma yi nazarin yadda mutanen waɗannan ƙasashe suke jera sautinsu. A faifansa na 1961 mai suna Eastern Sounds, watau sautukan Gabas, ya buɗe da wata 'yar sarewar yumɓu ta ƙasar Sin mai siffar ƙwai, wadda sautukanta 'yan kaɗan ne, amma ya gina kari mai daɗi da su. Ya yi haka tun shekaru da yawa kafin haɗa kiɗan ƙasashe ya zama yayi.

A 1960 ya koma Niyok, cibiyar wannan kiɗa. Ya yi aiki da Charles Mingus, sa'an nan daga 1962 zuwa 1964 ya zauna a ƙungiyar Cannonball Adderley, wadda tana cikin mafi farin jini a lokacin. Ko a can ma bai tsaya a busa kawai ba, ya riƙa kawo kiɗan da ya tsara ana bugawa, har da wanda ya yi don girmama abokinsa Coltrane.

Tsara kiɗa yana da wani amfani kuma, na aljihu. Mabushi kuɗin dare ɗaya ake biyansa. In gari ya waye, an gama. Ran da ya kwanta ciwo, ko haƙoransa suka zube, ko numfashinsa ya ragu saboda tsufa, samu ya tsaya. Amma wanda ya tsara kiɗa ya yi masa rajista da sunansa, doka ta ba shi haƙƙi: duk lokacin da aka sayar da faifan, ko aka sa shi a rediyo, ko wani makaɗi ya sake bugawa, akwai ɗan kason da zai shigo masa, har magadansa ma su ci bayan ransa. Makaɗa baƙaƙen fata da yawa sun yi asarar wannan haƙƙi, domin sun sa hannu a takardun da ba su karanta ba, suka karɓi 'yan kuɗi kaɗan, wasu suka yi ta cin gajiyar guminsu. Wannan ne ya sa Mingus da Max Roach suka kafa kamfanin faifai nasu na kansu a 1952. Shi ma Yusuf ya kafa kamfanin buga takardun kiɗansa mai suna Fana, daga baya kuma a 1992 ya kafa na faifai mai suna YAL. Ashe ke nan makaɗi ma yana bukatar Turanci da lissafi, ko don ya san abin da yake sa wa hannu.

Tsarinsa bai tsaya a kan ƙananan ƙungiyoyi ba. Ya rubuta manyan ayyuka na makaɗa masu yawa, kamar wanda gidan rediyon WDR na Jamus ya ba shi aikin rubutawa a 1993, a kan tarihin baƙaƙen fatar Amurka tun daga zamanin bauta. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai ga wanda ya san iyakar muryar kowane abin kiɗa, ya kuma iya rubuta wa kowa nasa layi.

Dutse na Uku: Koyarwa

A shekarun 1960 kasuwar jaz ta ja baya a Amurka. Samari suka koma wa sababbin kiɗe-kiɗe na jita, gidajen da ake busa a ciki da yawa suka rufe. Waɗansu gwanaye suka yi ƙaura zuwa Turai. Alal misali Dexter Gordon ya bar Amurka a 1962, bai koma da zama ba sai 1976. Waɗansu suka bar sana'ar ɗungum. Yusuf kuwa, da sunansa da furfurarsa, sai ya ɗauki littafi ya koma aji. A makarantar kiɗa ta Manhattan ya sami digirinsa na farko a 1969, yana gab da shekara 50, ya kuma sami na biyu a fannin koyar da kiɗa a 1970. A 1975 Jami'ar Massachusetts ta ba shi digirin dokta a fannin ilimi, kuma abin da ya yi bincike a kai shi ne kwatanta tsarin ilimin Turawa da na Musulunci. Gemu dai ba ya hana ilimi.

Da waɗannan takardu ya fara koyarwa a makarantar da ya yi karatu a 1971, a 1972 kuma ya zama malami a wata kwaleji a Niyok. Ba shi kaɗai ya bi wannan hanya ba. Ubangidansa Cannonball Adderley malamin kiɗa ne a wata makarantar sakandare a jihar Florida kafin ya yi suna. Jackie McLean, wani gwanin alto, ya fara koyarwa a Jami'ar Hartford a 1968, ya kuma yaye ɗalibai masu yawa.

Kada a ɗauka koyarwa mafakar wanda ya gaza ce. Amfaninta uku ne a ganina. Na ɗaya, albashi ne tabbatacce, wanda yake ba mutum damar ya ƙi aikin da bai dace da mutuncinsa ba. Na biyu, wanda zai koya wa wani dole ya warware abin da ya sani dalla dalla, ta haka shi ma yake ƙara fahimta. A 1981 Yusuf ya fitar da wani babban littafi da ya tara matakalun sauti da salon jera su daga sassan duniya, wanda masu koyon busa suke gwaji da shi. Na uku, ɗalibi shi ne magajin malami. Abin da aka busa a dare ɗaya iska ke tafiya da shi, amma abin da aka zuba a kan ɗalibi yana nan.

Zamansa a Zariya

Daga 1981 zuwa 1985 Yusuf ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a matsayin babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya. Ya zo ne yana da shekara 60 da 'yan kai, duniya ta riga ta san shi, amma abin da ya kawo shi neman sani ne. Ya mai da hankali a kan sarewa, irin wadda makiyaya Fulani suke busawa a bayan shanu, ya bi yadda ake yin ta da yadda ake busa ta. Ya koyar, ya kuma yi aiki tare da makaɗan gargajiya da 'yan wasan cibiyar. A 1983 ya ɗauki faifai a Legas tare da makaɗan ganga na ƙasar nan, wanda ya fito da sunan In Nigeria, akwai kuma wani da aka sa wa suna da Hausa, watau Hikima. Shi da Ziky Kofoworola, masanin wasan kwaikwayo, suka rubuta littafi da Turanci a kan wasanni da kiɗe-kiɗen Hausa, wanda aka buga a 1987.

Wannan abin tunani ne gare mu. Sarewar da muke wucewa a bakin hanya ba mu ko waiwaya, ita ce wani dokta ya ƙetare teku ya zo ya zauna yana nazari. Kuma da busa kaɗai ya iya, da babu jami'ar da za ta kira shi. Ilimin da ya koma ya nema da girmansa shi ya buɗe masa wannan ƙofa.

Bayan ya koma gida, ya koyar a Jami'ar Massachusetts da kwalejojin da ke kewaye da ita daga 1987 zuwa 2002. A 1988 ya sami lambar Grammy saboda wani faifai wanda shi kaɗai ya buga dukan kayan kiɗan da ke cikinsa. A 2010 hukumar raya fasaha ta Amurka ta ba shi lambar girma mafi daraja da ake ba ɗan jaz a ƙasar.

Kame Kai

Tsoron da iyayenmu suke ji ba na banza ba ne, kuma tarihin jaz kansa shaida ne. Kiɗan ya girma ne a gidajen giya, ana aiki tsakar dare, ga miyagun ƙwayoyi suna yawo hannu da hannu. Charlie Parker da Yusuf shekararsu ɗaya, dukansu 'yan 1920 ne. Parker ya fi shi suna nesa ba kusa ba, amma ƙwaya da giya suka cinye shi, har yakan jinginar da sakasofon ɗinsa don ya sami na saye. Ya mutu a 1955 yana da shekara 34. Samari da yawa da suka yi zaton ƙwayar ce sirrin gwanintarsa suka bi sahunsa suka hallaka. Coltrane ma sai da wannan masifa ta sa aka sallame shi daga aiki a 1957, kafin ya yi ta maza ya rabu da ita.

Yusuf ya karɓi Musulunci ne a ƙarshen shekarun 1940 ta hannun ƙungiyar Ahmadiyya, a nan ya sauya suna, kuma ya je Makka sau biyu. An san shi da natsuwa da sanyin magana. Tun wajen 1980 ya yanke shawara ba zai ƙara busa a inda ake sayar da giya ba, sai a zauren taro ko makaranta. Wannan shawara ba ƙaramar asarar kuɗi ba ce ga mabushi, kuma ni a ganina albashin koyarwa da haƙƙin kiɗan da ya tsara su suka ba shi ƙarfin yanke ta. Har ma kalmar jaz ba ya so a kira kiɗansa da ita, don yana ganin an shafa mata ma'anar raini. Ya fi so a ce kiɗa ne da ke fitowa daga jiki da hankali da ruhin mutum. Na yi amfani da kalmar a nan ne kawai don da ita aka san kiɗan. Ya rasu a ranar 23 ga Disamba, 2013, yana da shekara 93, kuma bai daina aiki ba sai gab da rasuwarsa.

Kammalawa

Ya 'yan'uwana ɗalibai, duk mai sha'awar wannan hanya, ko da sakasofon ne, ko da garaya ko kalangu, ya kamata ya yi wa kansa tambayoyi tun yanzu. Shin zan iya zama ni kaɗai awa uku ko huɗu kullum ina maimaita abu ɗaya, babu mai tafa mini? Zan iya yin shekara goma a bayan wani kafin a san sunana? In kasuwa ta mutu, ko lafiya ta gaza, da me zan riƙe gida? Wanda ya ce zai bar makaranta don kiɗa, ya tuna cewa mutumin da ya busa tare da Dizzy Gillespie komawa makaranta ya yi. A ƙasar nan ma akwai sassan koyar da kiɗa a jami'o'i, kamar ta Nsukka da ta Ile-Ife, kuma ba a shiga sai da sakamakon jarrabawa mai kyau, daidai da kowane fanni.

Ku kuma iyayenmu, Allah ya ƙara muku girma, ba ina cewa ku saki kowane yaro ya bi kiɗa ba ne. Kowane gida da tarbiyyarsa, malamanmu na addini kuma suna da maganganunsu a kan kiɗa waɗanda ba ni da ilimin shiga cikinsu. Roƙona shi ne, idan kun ga yaro da wannan sha'awa, ku zaunar da shi ku ji ta bakinsa kafin ku yanke hukunci. Hani da tsawa kaɗai sau da yawa ɓoye abin yake sa yaro ya yi, ya je ya koya a hannun waɗanda ba ku sani ba. Ku tambaye shi sau nawa yake gwaji, wa yake koya masa, su wa yake zama da su, ina kuma sakamakon jarrabawarsa. In sha'awar ta iska ce, waɗannan tambayoyi za su kore ta. In kuwa ta gaskiya ce, to, ku gindaya masa sharaɗin karatu da kame kai, domin da su ne Yusuf Latif ya yi shekara 75 yana cin abinci da busa, ya kuma bar duniya da mutuncinsa.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani da sana'a mai albarka, amin.